Ƙashin da mace za ta tsufa da shi, tun tana budurwa ake gina shi

A gidajenmu idan tsohuwa ta ranƙwafa, tsawonta ya ragu, ta koma dogara sanda, ba mai tambayar dalili, domin kowa ya ɗauka tsufa ne, kuma duk wanda Allah ya ba tsawon rai sai ya gan shi. Idan ta zame a tsakar gida ta karye, sai a ce tsautsayi ne da ba ya wuce ranarsa, a kira mai ɗori, a shiga jinya. Ban musanta tsufa ba, ban kuma musanta ƙaddara ba, amma na gamsu cewa kaso mai yawa na wannan wahala ciwo ne mai suna da sanadi, wato zaizayewar ƙashi, wanda likitoci suke kira ostiyoforosis, kuma mafi yawan abin da za a iya yi don kauce masa ana yin sa ne tun mace tana budurwa, ko tana shekarunta na farko a gidan miji. Don haka da 'yan mata nake magana, da matan da ba su kai arba'in ba, da kuma iyayen da suke raba abinci a gida.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki ƙashi a matsayin busasshen abu da ya gama girma ya tsaya cik. Alhali ƙashi rayayye ne, jini yana ratsa shi, kuma dare da rana akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da suke aiki a cikinsa, wasu suna rushe tsoho wasu suna gina sabo a gurbinsa, har masana suka ƙiyasta cewa a cikin kimanin shekara 10 ƙasusuwan baligi sukan sabunta gaba ɗaya. A lokacin ƙuruciya ginin ya fi rushewar yawa, shi ya sa ƙashi yake ƙara tsawo da kauri da nauyi. Yarinya takan tara kusan kashi 90 cikin 100 na ƙashin da za ta taɓa mallaka kafin ta cika shekara 20, ragowar kuma yakan kammala kafin ta kai 30. Daga nan ƙari ya ƙare, sai dai riƙon abin da aka samu. Lamarin kamar rumbu ne: abin da aka zuba da kaka shi za a ci har faɗuwar damina, kuma wanda ya shiga rani da rabin rumbu ya san zai ga ƙasansa tun kafin maƙwabcinsa.

Abin da ya sa mata suka fi maza shiga wannan hali shi ne, ƙasusuwansu tun asali sun fi na maza sirantaka, sannan kuma ƙarfinsu ya dogara ƙwarai da sinadarin istrojin, wanda jikin mace yake samarwa muddin tana ganin al'ada. Wannan sinadari shi ne yake taka wa ƙwayoyin da suke rushe ƙashi burki. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sai rushewar ta yi sauri, har mace takan iya rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ƙashinta a cikin shekara biyar zuwa bakwai. Gidauniyar da take yaƙi da wannan ciwo a duniya, wadda take jagorantar ranar tunawa da shi a 20 ga Oktoba na kowace shekara, ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku daga waɗanda suka haura 50 za ta samu karaya saboda shi, a maza kuwa ɗaya cikin biyar.

Na ga yadda abin yake a jikin gwaggona. Mace ce mai kazar-kazar, wadda ba ta yarda a ɗebo mata ko ruwan alwala ba. Wata asuba santsi ya kwashe ta a bakin banɗaki, faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya karkaɗe riga, amma ita ta kasa miƙewa, ƙafarta ta hagu ta gajarce ta juya waje. Da aka ɗauki hoto aka ga wuyan ƙashin cinya ya karye daga can saman ƙugu. Likitan ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna mana yadda ƙashin ya yi shara-shara, sannan ya tambaye ta ko ta lura tsawonta ya ragu. Ta ce, "Ɗan nan, ai tun tuni zannuwana suke jan ƙasa, na ɗauka ramewa ce." Ramewa ba ta rage tsawo. Ƙananan ƙasusuwan gadon bayanta ne suka riƙa lotsewa ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, tana shafa man zafi tana cewa ciwon baya ne. An yi mata aiki, ta kuma rayu, amma ba ta sake zuwa ko gidan suna da ƙafarta ba, kuma abin da ya fi cin ranta shi ne sallah a zaune da jiran wanda zai kai ta bayan gida. Ta ma yi sa'a, domin a ƙasashen da ake bin lissafin irin wannan karaya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya cika shekara bayanta, saboda doguwar kwanciya tana jawo ciwon huhu da daskarewar jini da gyambon baya.

Nakan ji ana cewa wannan ciwon Turawa ne, mu ƙashinmu mai ƙarfi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin bincike ya nuna karayar ƙugu ta fi yawa a tsakanin fararen mata. Sai dai "ta fi yawa a can" ba ya nufin babu ita a nan, balle yanzu da matanmu suke ƙara tsawon rai, abincinmu da zamanmu kuma suke sauyawa. Mu a Arewa ma muna da hujja a ƙofar gida. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi nazarin yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe saboda laushin ƙashi, suka wallafa sakamakon a shekarar 1999. A da an ɗauka ƙarancin bitamin D, wanda fata take ƙerawa idan rana ta taɓa ta, shi kaɗai yake kawo wannan, to amma yaran Jos ba su rasa rana ba. Abin da suka rasa shi ne sinadarin kalsiyam, wanda jiki yake gina ƙashi da shi, domin abin da suke samu a abinci bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai warkewa. Daga baya an gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki. Tukunyar da ta ciyar da waɗancan yara ita ce take ciyar da yayyensu mata da uwayensu, illa iyaka su nasu ƙarancin ba ya fitowa a ƙafa inda kowa zai gani.

Kusan duk kalsiyam ɗin da yake jikin mutum, kashi 99 cikin 100, a ƙashi da haƙora yake. Ɗan ragowar da yake cikin jini shi zuciya da jijiyoyi suke aiki da shi, kuma jiki ba ya taɓa barin wannan ya yi ƙasa, don haka duk ranar da abinci bai kawo isasshe ba, daga ƙashi yake zara ba tare da an ji ko ɗar ba. Ma'aunin da likitoci suka fi amfani da shi ya ce yarinya daga shekara 9 zuwa 18 tana bukatar miligiram 1,300 a rana, mace daga 19 zuwa 50 kuwa 1,000. A gwada wannan da cimar budurwar birni ta yau: shayi da burodi da safe, taliya ko shinkafa da mai da yaji da rana, lemon kwalba a tsakani, tuwo da dare idan ta ga dama. Masara da dawa da gero da shinkafa suna ƙosarwa, suna ba da ƙarfi, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, kuma dusarsu tana ɗauke da wani sinadari da yake riƙe shi ya hana hanji tsotsa. Jiƙa hatsi da barin sa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan matsala.

Abin da yake ba ni takaici shi ne, ba mu rasa abin da ake bukata ba, raina shi muka yi. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana da kimanin miligiram 300, wato kusan sulusin bukatar baligar mace, kuma mu ne muke zaune da Fulani maƙwabtaka, amma a gidaje da yawa fura da nono ta zama ta maigida da tsofaffi, 'yan mata suna ganin ta ƙauyanci. Wadda madara take ɓata wa ciki takan iya shan nono mai tsami lafiya lau, sai dai a tabbata an dafa madarar kafin a kwantar da ita, kuma a lura da nonon da aka tsinka da ruwa har ya zama suna kawai. Garin kuka yana cikin ganyayen da suka fi kowanne kalsiyam, haka zogale, kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ba ya fin ƙarfin aljihun kowa. Riɗi da ba a cire masa ɓawo ba yana da shi sosai, ga shi muna noma shi a Jigawa da Nasarawa da Binuwai muna loda wa manyan motoci zuwa ƙasashen waje, 'ya'yanmu kuwa sai an yi sa'a su ci kantu. Tamba, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, ta ninka gero da shinkafa sau da yawa a wannan fanni, kuma kununta yana da daɗi. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya, da kifin gwangwani da ake ci har ƙashinsa, su ma hanya ce mai sauƙi. Gaskiya ne jiki ba ya tsotse duk abin da yake cikin ganye kamar yadda yake yi wa madara, shi ya sa haɗawa ta fi dogaro da abu guda. Ina kuma roƙon uwaye su duba yadda ake rabo, domin a gidaje da dama yarinyar da ta yi girkin ita ce take cin ƙarshe, bayan an kwashe kifin da naman an kai wa maza.

Kalsiyam ba ya shiga jini yadda ya kamata sai da bitamin D, wanda fata take ƙerawa idan rana ta taɓa ta. Za a yi mamakin a ce mace ta rasa rana a ƙasar da zafinta yake korar mutane inuwa, amma hakan yana faruwa, domin baƙar fata ta fi fara bukatar daɗewa a rana, hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki, kuma sababbin gidajenmu na birni ko dai ba su da tsakar gida ko an rufe ta da kwano. Wannan ba ya bukatar kowa ta bar suturarta. Iyayenmu da suka yi zaman kulle suna wanki da tankaɗe da shanya a buɗaɗɗiyar tsakar gida da ɗaurin ƙirji, rana tana dukan hannuwansu da kafaɗunsu, ba tare da wani baƙo ya gan su ba. Ɗan zama irin wannan daga hantsi, na kamar rabin sa'a, sau da dama a mako, ya wadatar da mafi yawan mata.

Ƙashi kuma yana ƙarfafa ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. 'Yan sama jannati da suke zama inda babu nauyi sukan rasa kimanin kashi ɗaya cikin 100 na ƙashinsu a kowane wata, duk da ingancin abincinsu. Daka da surfe da jan guga da tafiyar ƙasa sun gina ƙasusuwan kakanninmu, ko da yake ba na fatan a mayar da kowa ga wahalar da injin niƙa da famfo suka ɗauke mana. Abin da nake so a lura da shi shi ne, shekarun da ƙashin yarinya ya fi saurin taruwa, wato daga 11 zuwa 14, su ne daidai shekarun da muke ce mata, "Ke, kin girma, zauna wuri ɗaya." Yayanta namiji yana filin ƙwallo har magariba, ita kuwa daga aji sai adaidaita sahu sai ɗaki da waya a hannu. Tsallen igiya da gaɗa da langa da guje-guje su ne irin motsin da ƙashi yake amsawa, kuma makarantun 'yan mata da Islamiyyu suna da katanga da fili, babu abin da zai hana a ware musu lokaci. Matar aure ma tafiya mai ɗan sauri da hawan bene da ƙafa sun fi zama nesa ba kusa ba.

Ciki da shayarwa suna bukatar a yi maganarsu da adalci, don kada a tsorata kowa. Ɗan tayi yakan ɗebi kimanin giram 30 na kalsiyam daga uwarsa, mafi yawa a watanni ukun ƙarshe, mai shayarwa kuma tana fitar da miligiram 200 zuwa 300 a nono kullum, har ƙarfin ƙashinta yakan ragu kaɗan. Amma Allah cikin hikimarsa ya sa wannan ragin yana dawowa bayan yaye, kuma binciken da aka daɗe ana yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, inda mata suke cin abinci mai ƙarancin kalsiyam, ya nuna haka. Saboda haka babu wadda za ta rage shayarwa don tsoron ƙashinta. Inda damuwata take shi ne yarinya 'yar 15 ko 16 da ta ɗauki ciki alhali nata ƙashin bai gama ginuwa ba, da kuma matar da take yin kwanika a kai a kai, ciki a kan goyo, ba hutu ba cima mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, ta kuma ce a ba masu ciki ƙwayar kalsiyam a wuraren da abinci ba ya wadatar da shi, musamman don kare su daga hawan jinin ciki da jijjiga. Mai jego kuwa kindirmo da miyar ganye da kifi sun fi mata amfani a kan yawan kunun kanwa, domin gishirin da yake cikin kanwa yana ɗora wa zuciya nauyi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wannan batu, har ya sa na zauna rubutu, shi ne maganin ƙiba. Na taɓa tsayawa a wani kantin magani na unguwa ina jiran canji, sai wata budurwa da ba ta wuce 18 ba ta shigo da lalle a hannu, ta rage murya ta ce, "Malam, a ba ni na ƙiba, na wata ɗaya." Bai tambaye ta komai ba. Ya ɓare ƙwayoyi farare ƙanana daga kati biyu, ya haɗa su a 'yar leda ba suna ba takarda, ya ce ta riƙa sha da dare. Da muka fito na ce mata, "Ƙanwata, kin san abin da yake ciki?" Ta ce, "Wallahi Anti ban sani ba, bikina ya kusa, dangin miji suna cewa na cika rama." Irin wannan haɗi, da ake kira sha-ka-fashe, galibi yana ɗauke da deksametazon ko firednisolon, magunguna masu ƙarfi da aka yi don asma mai tsanani da kumburin gaɓoɓi da makamantansu. Abin da suke kawowa ba ƙibar lafiya ba ce: fuska takan kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, hannuwa da ƙafafu su sirance, nankarwa ta tsattsaga fata, sukari da hawan jini su biyo baya. A cikin ƙashi kuwa suna kashe gwiwar ƙwayoyin da suke gini, suna hana hanji tsotsar kalsiyam, kuma ɓarnar ta fi sauri a watannin farko. A duk magungunan da suke jawo zaizayewar ƙashi su ne kan gaba, har likitoci sukan ɗauki matakin kare ƙashin duk wanda zai sha su wata uku ko fiye. Wani lokaci ma sukan toshe jinin da yake ciyar da kan ƙashin cinya ya mutu, mace 'yar 25 ta koma ɗingishi. Da yawa daga cikin mayukan bilicin masu saurin aiki su ma suna ɗauke da dangin wannan magani, kuma wadda take shafe jikinta da su shekara da shekaru, yana ratsa fata ya shiga jini. Laifin ba na yarinyar kaɗai ba ne. Mu ne muke cewa amarya ta rame, mu ne muke auna kulawar miji da kumatun matarsa, mu ne kuma muke kai 'ya'yanmu wurin masu gyaran jiki ba mu tambayi abin da aka zuba a cikin tsumin ba.

Akwai kuma waɗanda suka bi ta ɗaya gefen, suna horar da kansu da yunwa da shayin rage ƙiba har al'adarsu ta ɗauke. Budurwar da ba ta da ciki, ta yi wata uku ba ta ga al'ada ba, istrojin ɗinta yana iya yin ƙasa kamar na wadda ta manyanta, don haka abin zuwa asibiti ne. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ita ma tana rage ƙarfin ƙashi kaɗan muddin ana yin ta, amma galibi yana dawowa bayan an daina, kuma amfaninta ga mace mai bukata ya fi wannan illa, sai dai yarinya ƙarama ko wadda za ta daɗe a kai ta tattauna da ma'aikaciyar lafiya. Taba da shisha kuwa ba su da wani uzuri.

Wadda take da sikila, ko take shan maganin farfaɗiya, ko ƙwayar wuyanta, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, take aiki fiye da kima, ko al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, ko aka cire mata ma'ajiyar ƙwai, ko mahaifiyarta ta taɓa karyewa a ƙugu, ko ita kanta ta karye daga 'yar faɗuwa, ya kamata ta ɗaga maganar ƙashi da bakinta a gaban likita, kada ta jira a tambaye ta. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizayewa sai ta yi nisa. Akwai na'ura ta musamman mai suna DXA da take auna ƙarfin ƙashi, ana samun ta a wasu manyan asibitoci, kuma likita ne zai faɗi wadda take bukatar gwajin, domin ba kowace budurwa ba ce. Wadda kuma ta riga ta fara shan maganin ƙiba na makonni, kada ta yanke shi rana ɗaya, domin jikinta ya rage ƙera nasa sinadarin irin wanda yake cikin maganin, kuma tsayawa farat ɗaya yana iya jefa ta cikin amai da jiri da faɗuwar jini har ya kai ga rasa rai. Ta ɗauki ragowar ƙwayoyin, ko katin, ko kwalbar man da take shafawa, ta kai wa likita, ta faɗa masa tsawon lokacin da ta yi tana amfani da su ba tare da jin kunya ba, shi zai tsara mata yadda za ta riƙa ragewa sannu a hankali har ta rabu da su.